Gishirin da ke sa naman gwangwani ja, kuma shi ne ya jawo aka janye maganin hawan jini

Duk wanda ya taɓa dafa nama ya san in ya dahu launinsa komawa yake toka-toka ko ƙasa-ƙasa, amma ka buɗe naman gwangwani irin na shanu ɗin nan da ake niƙawa, ko ka yanka sosej, sai ka gan shi ja-ja abinsa duk da cewa dafaffe ne tun daga kamfani. Mutane da yawa ɗauka suke kala aka zuba. A mafi yawan lokuta ba kala ba ce, wani gishiri ne da ake ce wa sodiyam naitirait, in ka juya gwangwanin ka duba jerin kayan haɗi za ka iya ganin sunansa ko kuma lambarsa E250. To wannan gishirin dai shi ne ake jibga buhu-buhu a kamfanonin rini, shi ne cikin allurar da ake wa wanda ya sha gubar sayanaid, kuma shi ne ya sa aka kwashe maganin hawan jini daga kantunan magani na ƙasashe da dama a 2018. Abin tambaya shi ne ta yaya abu ɗaya zai shiga duk waɗannan wuraren, amsar kuma tana cikin wani ɗan ƙaramin abu da yake fita daga jikinsa in ya haɗu da tsami.

Shi kansa a ido ba wani abu ba ne, farin gari ne mai ɗan rawaya-rawaya, yana narkewa a ruwa nan da nan, yana kuma jan laima in an bar shi a buɗe, ɗanɗanonsa ma na gishiri ne, wanda nan ne babban haɗarinsa yake. A rubuce NaNO2 ne, wato sodiyam ɗaya, naitirojin ɗaya, oksijin biyu. Yana da ɗan'uwa da ake yawan rikita su, sodiyam naitireit, NaNO3, shi oksijin uku gare shi, irinsa ne ake samu a takin zamani da ganyayyaki, kuma shi mai sanyin hali ne, ba ya cika taɓa komai sai in ƙwayoyin bakteriya sun cire masa oksijin ɗaya sun mai da shi naitirait. A masana'anta kuwa yadda ake yin naitirait ɗin shi ne a tura hayaƙin naitirojin oksaid cikin ruwan soda, hayaƙin ya narke a ciki, a busar a samu garin.

Naitirojin ɗin da ke cikin naitirait a tsaka-tsaki yake zaune, bai kai ƙarshe wajen rasa elektiron ba (elektiron su ne 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarki da sinadarai ke musaya in sun haɗu), bai kuma cika da su ba, shi ya sa yake iya ƙwace elektiron daga wani abu, yake kuma iya ba da nasa in ya gamu da wanda ya fi shi ƙarfi. Ka zuba shi kan ayodaid, wato gishirin aidin, cikin tsami zai ƙwace elektiron ya fito da aidin, ka haɗa shi da famanganet, wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, kuma shi za a ƙwace wa ya koma naitireit. Amma aikin da ya fi shahara da shi, in ka zuba masa asid, wato abu mai tsami, sai ya zama naitiros asid, wanda ba ya zama, ba a ma sayar da shi a kwalba don lalacewa yake nan take, dole sai dai ka haɗa shi a cikin tukunyar da kake aiki, daga shi kuma sai a samu NO+, naitirojin ɗaya da oksijin ɗaya masu yunwar elektiron. Wannan NO+ ɗin shi ne mai aikin duka. Masu binciken da ba sa son ruwa ya shiga aikinsu ma sukan sayi NO+ ɗin kai tsaye a matsayin busasshen gishiri, NOBF4, farin abu ne da ake ajiyewa a rufe ruf don laima na taɓa shi ya ruɓe, kuma ana amfani da shi wajen liƙa NO a jikin sinadari ko cire elektiron guda ɗaya cak. Amma shi tsada gare shi kuma na ɗakin gwaje-gwaje ne, masana'anta naitirait da asid take amfani da su.

Abin da NO+ ya fi so shi ne wani dangin sinadarai da ake kira amin, waɗanda asalinsu amoniya ce da aka cire mata haidirojin aka maye gurbin da sarƙar kabon. Kuma abin da zai faru ya danganta ne da irin amin ɗin da ya tarar. In amin mai sarƙa ɗaya ce miƙaƙƙiya, abin da za a samu ba ya zama, wargajewa yake iskar naitirojin ta fice da kumfa, shikenan. In sarƙa ɗayar zobe ce irin ta benzin, kamar anilin, sai a samu gishirin dayazoniyam, wanda yake iya ɗan jurewa matuƙar akwai sanyi. In kuwa amin ɗin mai sarƙa biyu ce, to NO ɗin liƙewa yake ya zauna daram, abin da aka samu shi ake kira naitirosamin, kuma da yawa daga cikin wannan dangin suna jawo cutar kansa, wato ciwon daji. Ka riƙe wannan rabe-raben uku, don duk labarin da zai biyo baya a kansu yake tafiya.

Na biyun, wato dayazoniyam, shi ne ya yi arziki. Wani Bajamushe mai suna Peter Griess ne ya gano dayazoniyam a 1858, mutumin da daga baya ya ƙare rayuwar aikinsa a wani kamfanin giya a garin Burton na Ingila yana ci gaba da bincikensa a gefe. Aikin har gobe da ƙanƙara ake yinsa, tsakanin digiri 0 zuwa 5, don in ya ɗumama naitirojin ɗin guduwa yake, in kuma ka kuskura ka busar da shi wasu nau'o'in fashewa suke, shi ya sa ba a ajiye shi, ana haɗawa ake wucewa mataki na gaba. Matakin na gaba shi ne a haɗa shi da wani zoben, sai naitirojin biyu su zama gada tsakanin zobba biyu, wannan gadar ita ke ba da launi mai haske, ja, ruwan lemo, rawaya. Su ake kira rinin azo, kuma fiye da rabin rinin da ake sayarwa a duniya daga wannan dangin yake, tun daga na yadi har zuwa tatirazin, rawayar kalar da ake sa wa lemon kwalba da alawa. Baba irin na marinar Ƙofar Mata dai ba ya cikinsu, shi wani dangi ne daban. Griess ɗin nan a 1879 ya sake fito da wata dabara ta gwada ko akwai naitirait a cikin abu, in akwai sai ruwan ya koma ja-ja, kuma ita ce har yau a jikin ɗan tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari a asibiti. Fitsarin mai lafiya naitireit ne a ciki, amma in bakteriya irin su E. coli sun shiga mafitsara sai su mai da shi naitirait, takardar ta sauya launi, ma'aikacin lab ya rubuta akwai alamar ciwon sanyin mafitsara.

Batun nama kuwa da haɗari aka faro shi. Turawa sun daɗe suna shafa wa nama gishiri haɗe da naitireit irin wanda ake haɗa albarushi da shi, suna ganin yana ja yana kuma daɗewa ba su san dalili ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 masana a Jamus suka gano bakteriya ne ke mai da shi naitirait, a 1901 kuma John Scott Haldane ya nuna cewa NO ne ke liƙewa a jikin ƙarfen da ke cikin sinadarin da ke ba nama launinsa, in an dafa sai jan ya kafu ba ya fita. Daga nan aka ce to me ya sa za a jira bakteriya, a zuba naitirait ɗin kai tsaye mana a san adadin da aka sa, Amurka ta amince da hakan a 1925. Bayan launi da ɗanɗano, babban dalilin da masu sana'ar ke kafa hujja da shi shi ne yana hana Clostridium botulinum tsirowa, ƙwayar da ke son wurin da babu iska kamar cikin gwangwani ko tsakiyar sosej, gubarta kuma shanye jiki take yi har numfashi ya tsaya. Kilishinmu bai buƙaci wannan ba saboda an yanka shi siriri an shanya ya bushe ƙayau, ƙwayar ba ta da ruwan da za ta rayu. Amma nama mai laima da aka rufe aka ɗora a jirgin ruwa wata da watanni, wannan wani lissafi ne daban. Gishirin da ake sayar wa masu wannan sana'a a Amurka kashi 6.25 cikin ɗari ne kawai naitirait, sauran gishirin girki ne, kuma rina shi ake ya zama ruwan hoda da gangan don kar wani ya ɗauka na miya ne.

Sai a 1956 wasu masana biyu a Ingila, Magee da Barnes, suka ba ɓeraye wani naitirosamin mai suna NDMA suka ga kansar hanta tana fito musu. A lokacin ɗauka aka yi matsalar ma'aikatan masana'anta ce kawai. Amma a farkon shekarun 1960 tumaki da wasu dabbobin kiwo a Norwe suka riƙa mutuwa da ciwon hanta, da aka bi diddigi sai aka tarar garin kifin da ake ba su ne, an adana kifin da naitirait, shi kuma kifi dama yana da daimetil-amin a jikinsa, amin mai sarƙa biyu, aka zo busarwa da zafi abin ya haɗu ya ba da NDMA. Nan hankali ya tashi, don in zai faru a abincin tumaki me zai hana ya faru a kaskon suya ko ma a cikin tumbin mutum inda tsami yake zaune dama. Aka duba aka samu, musamman a naman da aka soya da wuta mai ƙarfi. A 1972 Sidney Mirvish da abokan aikinsa suka nuna cewa bitamin C yana tare hanyar, yana riga amin ɗin kama NO+ ya mai da shi iskar NO da ba ta yin naitirosamin, shi ya sa yau za ka ga an jera askobet, wato gishirin bitamin C, kusa da naitirait a jikin kwalin, ba don ƙarin lafiyarka aka sa ba, don wannan aikin ne.

A 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa sarrafaffen nama a rukuni na ɗaya, wato an tabbatar yana jawo kansa, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kashi 18 cikin ɗari. Jaridu suka ɗauka wai daidai yake da taba sigari, alhali rukunin ƙarfin hujja yake nunawa, ba girman haɗari ba. In a ce mutum 5 cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwa, ƙarin kashi 18 zai mai da su kusan 6 ne. Ba ƙaramin abu ba ne in ka lissafa da miliyoyin mutane, amma bai kama ƙafar sigari ba. Inda maganar ta ƙara cakuɗewa shi ne yawancin naitireit ɗin da mutum ke ci ba daga nama yake zuwa ba, daga ganye ne, alayyahu, latas, kabeji da makamantansu, jiki kuma yana dawo da wani kaso cikin yawu, bakteriyar da ke bayan harshe su mai da shi naitirait, ka haɗiye. Wato kullum kana haɗiyar naitirait ko ba ka taɓa ganin sosej ba. Har ma jiki na amfana da shi, don yana komawa NO, iskar da ke buɗe jijiyoyin jini, wadda aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a kanta a 1998. To me ya sa ganye bai zama matsala ba? Bayanin da ya fi kama hankali shi ne ganye yana zuwa da bitamin C da sauran masu tare hanya, shi kuma nama yana zuwa da amin da ƙarfen jini da wutar suya, duk abin da ake buƙata a wuri guda. A nawa ganin wannan bayanin ya fi ƙarfi a kan masu cewa naitirait guba ne kawai, ya kuma fi ƙarfi a kan 'yan kamfani masu cewa ai yana cikin alayyahu ma don haka a bar maganar. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne dabarar da wasu kamfanoni a Amurka ke yi, su zuba garin ganyen seleri da aka bar bakteriya suka mai da naitireit ɗinsa naitirait, sannan su rubuta a kwali wai ba a ƙara naitirait ba. NO2 ɗin dai shi ne, nama bai san daga gona ya fito ko daga buhu ba. Tarayyar Turai ita rage adadin da aka yarda a zuba ta yi a dokar 2023, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025.

Labarin magani ya fi wannan ban takaici don ba wanda ya yi niyyar sa komai. Balsatan maganin hawan jini ne da miliyoyin mutane ke sha, a jikinsa akwai wani zobe mai naitirojin huɗu da ake ginawa da sodiyam azaid. Azaid ɗin nan mugun abu ne, guba ne kuma yana iya fashewa, don haka in an gama aiki ragowarsa dole a kashe ta, hanyar da aka saba kuwa ita ce a zuba sodiyam naitirait da asid ya mai da ita iska. Daidai ne, matakin kare ma'aikata ne. Wani kamfani a ƙasar Sin, Zhejiang Huahai, wanda ke sayar wa kamfanoni da yawa na duniya asalin garin maganin, ya sauya hanyar haɗinsa wajajen 2012 ya koma amfani da ruwan narkarwa da ake kira DMF. Shi DMF in ya sha zafi yana ɗan ruɓewa ya saki daimetil-amin, wancan dai na garin kifin Norwe. Ga amin mai sarƙa biyu, ga naitirait, ga tsami, a tukunya ɗaya. Shekaru ana sayar da maganin da ɗan NDMA a ciki ba wanda ya lura, saboda gwaji abin da ka nema shi yake nuna maka, kuma ba wanda ya zauna ya yi tunanin neman wannan, sai a tsakiyar 2018 aka gano, a watan Yuli Turai da Amurka suka fara janyewa. Da aka faɗaɗa bincike sai ga irin matsalar a losatan da irbesatan na wasu kamfanonin, har da na Indiya, wani wurin ma daga ruwan narkarwar da aka tace aka sake amfani da shi ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa iyakar NDMA a nanogiram 96 a rana (nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), ta kuma ƙiyasta cewa in mutum 8,000 suka sha mafi girman awon balsatan mai gurɓatar, miligiram 320, kullum tsawon shekara huɗu, za a iya samun ƙarin mutum ɗaya mai kansa. Shi ya sa likitoci suka yi ta roƙon mutane kar su daina shan magani da kansu kafin a sauya musu, don shanyewar ɓarin jiki daga hawan jinin da aka bari ta fi wannan kusa nesa ba kusa ba.

Ranitidin, maganin gyambon ciki da aka fi sani da Zantac, shi nasa daban ne, ba naitirait aka zuba masa ba, ƙirar maganin ce da kanta take iya ruɓewa ta ba da NDMA, kuma adadin ƙaruwa yake in ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi, a Afrilun 2020 FDA ta ce a kwashe shi gaba ɗaya. Wannan maganar zafin ta shafe mu kai tsaye in ka tuna yadda magani ke kwana a kemis mai rufin kwano a watan Afrilu ko a tiren mai talla a tasha. Rifamfisin na tarin fuka ma an samu wani naitirosamin a cikinsa a 2020, amma shi ba a janye ba, an ɗaga iyakar na ɗan lokaci ne, don barin mai tibi ba magani ya fi muni.

Duk wannan maganar shekaru ce. Akwai kuma illar nan take, wadda ta fito daga ɗaya halin nasa na ƙwace elektiron. Ƙarfen da ke cikin himogulobin, sinadarin da ke jigilar oksijin a jini, sai yana matakin +2 yake ɗaukar oksijin, naitirait in ya yi yawa a jini sai ya ƙwace masa elektiron ɗaya ya tura shi +3, ya zama methimogulobin, kamar motar haya ce da ƙofarta ta maƙale, tana ta zirga-zirga a titi amma ba fasinjan da ke shiga. Jinin ya koma kalar cakulan, leɓe da harshe da farce su yi shuɗi-shuɗi, wanda a baƙar fata sai an buɗe baki an duba ake gani, ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa kuma ta tsaya wajen 85 ko an sa wa mutum oksijin ba ta motsawa. A Satumban 1944 aka kwashi dattawa 11 a birnin New York sun yi shuɗi, duk a gidan abinci ɗaya suka karya, ashe naitirait aka ɗura a mazubin gishiri bisa kuskure, ɗaya daga cikinsu ya rasu. Abin mamaki wannan illar ita likitoci suka mai da magani. Sayanaid, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa an sarrafa da kyau ba, tana kashewa ne ta hanyar kama ƙarfe +3 na wani sinadarin numfashi a cikin ƙwayoyin jiki. In aka yi wa mutum allurar naitirait daidai awo aka mai da wani ɗan kaso na jininsa +3, sai gubar ta bar can ta dawo ta liƙe a nan, sannan a bi da sodiyam tayosalfet ya mai da ita abin da ƙoda za ta fitar. K. K. Chen da abokan aikinsa ne suka tsara wannan haɗin a shekarun 1930, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, duk da cewa ga wanda hayaƙin gobara ya shaƙe an fi son haidiroksokobalamin, don jininsa dama ya riga ya rasa wurin ɗaukar oksijin.

Maganin methimogulobin shi ne allurar metilin bulu, sai dai akwai sharaɗi da ya shafi yankinmu sosai, masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman a maza, allurar ba ta cika yi musu aiki ba kuma tana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, mutane da yawa kuma ba su ma san suna da shi ba.

Hanyar da wannan matsalar ta fi iya shigowa gidajenmu ba ta gwangwani ba ce, ta rijiya ce. A 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya danganta shuɗewar jarirai da ruwan rijiya mai yawan naitireit da ake dama musu madara da shi. Jariri ɗan ƙasa da wata shida tumbinsa bai yi tsami sosai ba, don haka bakteriya na samun damar mai da naitireit naitirait, sinadarin da ke gyara jinin ya mai da shi +2 kuma bai gama ƙarfi ba, in ga gudawa abin ya ƙara tsananta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitireit da miligiram 3 na naitirait a kowace lita ta ruwan sha. Naitireit ɗin daga masai yake tsiyayowa, da garken dabbobi, da takin da aka zuba ya wuce kima, ka duba unguwanninmu inda fili ya matse ake haƙa rijiya taku kaɗan daga shadda. Ruwan zai fito garau, ba wari ba ɗanɗano, tafasawa kuma ƙwayoyin cuta take kashewa kawai, naitireit ba ya bin tururi, ƙara taruwa ma yake in ruwan ya ƙone, sai dai a kai ruwan a gwada, jaririn kuma a bar shi a kan nono, don nonon uwa ba ya ɗauko naitireit mai yawa ko da ita tana shan ruwan rijiyar.